Sa fitila a akwatin kayan aiki na motar a-kori-kura: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin direbobi da masu motocin a-kori-kura a Garwa, Marwa da Ngaundere, har zuwa Kusuri da Injamena. Aikin ba shi da yawa, rabin yini ya ishe shi. Sai dai waya ce za a ja daga batir ta ratsa ƙarƙashin mota, ta wuce kusa da tankin mai, a ƙasar da ke da zafi da ƙura da hanyoyi masu gargada. Saboda haka galibin amsoshin sun fi tsayawa a kan wayar da abin da zai kare ta fiye da fitilar kanta.

Ina da tocila, ga kuma fitilar wayar salula. Me zai sa in wahalar da kaina?

Duk wanda taya ta taɓa fashe masa bayan magariba tsakanin Mora da Dabanga ya san amsar. Hannu ɗaya na riƙe da salula, ɗayan na lalube cikin sifanoni da igiyoyi, cajin da ake buƙata don kiran gida kuma yana ta raguwa. Fitilar da ke kamawa da kanta da zarar an ɗaga murfi tana sakar maka hannu biyu, kuma a wasu hanyoyin namu rage minti goma na tsayuwa da dare ba ƙaramin abu ba ne.

Wace irin fitila ta fi dacewa?

Ta LED. Ba ta shan wuta sosai, ba ta da zaren da girgiza ke tsinkawa, kuma ba ta zafin da zai ƙona tsumma idan ya jingina da ita. Wat 3 zuwa 5 ya isa akwatin da ya ratsa faɗin bodi. Doguwa mai gidan alminiyum da ramukan kusa ta fi wadda ake sayarwa a naɗe mai gam a baya. A watan Afrilu zafin Garwa da Injamena yana kaiwa digiri 40 ko ya wuce, cikin akwatin ƙarfe da ke rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Gam ɗin yakan saki, ka buɗe ka tarar fitila tana reto.

Duba lambar da ke jikinta ko a kwalinta. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga kuma tana jure feshin ruwa. IP67 tana jure nutsewa har zurfin mita 1 na minti 30. Lambar farko, wato 6, ita ce ta ƙura, kuma ita ce ta fi shafar mu lokacin hunturu. In ka samu wadda aka rubuta mata volt 10 zuwa 30, ɗauke ta. Idan inji na aiki, wutar mota tana hawa kusan volt 14, kuma mai araha da aka yi don volt 12 cif takan yi zafi ta dushe da wuri.

Yaya zan san ko motata ta volt 12 ce ko ta 24?

Hilux, L200, D-Max da makamantansu na volt 12 ne. Wasu tsofaffin Land Cruiser masu dizal na volt 24 ne. Ganin batir biyu kaɗai bai isa hujja ba, dubi yadda aka haɗa su. Idan kan + na ɗaya ya tafi kan − na ɗayan, 24 ce. Idan + ya tafi + ne, 12 ce mai batir biyu. Mitar auna wuta za ta raba gardama nan take.

A motar volt 24 kada ka ɗauki wuta daga batir ɗaya don ka samu 12. Ɗayan zai riƙa ƙarewa ɗayan yana cika fiye da kima, a ƙarshe ka sayi biyu. Fitilar volt 10 zuwa 30 da aka ambata a sama ta kawar da wannan matsalar gaba ɗaya.

Daga ina zan ɗauko wuta?

Hanya uku mutane ke bi. Ta farko, kai tsaye daga kan + na batir. Ita na fi so, domin fitila za ta kama ko makulli yana aljihunka, kuma ba ka taɓa wayoyin kamfani ba. Sharaɗinta fiyus a bakin batir, kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana.

Ta biyu, daga akwatin fiyus na mota, ta amfani da ɗan abin da ake sokawa a mazaunin fiyus ya fitar da reshe mai nasa fiyus. Yana da tsafta, amma sai ka gwada ka gano wane mazauni ne ke da wuta a kullum, kuma ka nisanci na birki, na jakar iska da na kwamfutar inji.

Ta uku, yankan wayar fitilar baya, ita ce mafi kusa da akwati shi ya sa yaran gareji ke son ta. Ba na ba da shawararta. Fitilar akwati ba za ta kama ba sai an kunna ƙananan fitilu, an feɗe wayar kamfani a wurin da laka ke dukanta, kuma a sababbin motoci kwamfuta ce ke kula da fitilun, tana iya nuna alamar matsala ko ta yanke wutar layin. Rasa fitilar baya a hanyar Figil da dare, manyan motoci na bin ka, ya fi rashin hasken akwati haɗari.

Fitilar ƙarama ce ƙwarai. Dole ne sai da fiyus?

Dole ne. In za ka bar komai a wannan shafin, kada ka bar wannan. Fiyus, wanda masu shago a nan suka fi sani da fizibil, ba fitilar yake karewa ba, wayar yake karewa. Fitilarka rabin amfiya take ja, amma batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya. Ranar da robar waya ta goge a gefen ƙarfe, duk wannan ƙarfin ne zai bi ta cikin siririyar wayar. Cikin daƙiƙoƙi za ta yi ja tun daga bonet har bodi, robarta ta kama wuta, ga tiyon mai a gefenta. Babu makullin da za ka murɗa ka tsayar da ita.

Wurin sa shi yana da muhimmanci kamar shi kansa. Fiyus yana kare abin da ke bayansa ne kawai. Idan ka sa shi cikin akwati, mita biyar ko shida na waya suna nan ba mai tsaronsu. A sa shi kusa da kan batir, kamar santimita 20, kada ya wuce 30, cikin mazauni mai murfin roba.

Girmansa lissafi ne mai sauƙi: raba wat da volt ka samu amfiya. Fitilar wat 5 a volt 12 tana jan kusan amfiya 0.4, don haka fiyus na amfiya 3 ko 5 ya wadatar. A irin fiyus mai ƙafa biyu da motocinmu ke amfani da shi, na 3 shunayya ne, na 5 ruwan ƙasa mai haske, na 10 ja, na 15 shuɗi, na 20 rawaya, na 30 kore. Kada wani ya ce maka a sa babba don kada ya riƙa ƙonewa, kuma kada a naɗe ƙonanne da zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Fiyus ne mafi araha cikin duk kayan aikin nan. Ajiye biyu a aljihun mota.

Wace waya zan saya? Ragowar ta wayarin gida za ta yi?

Ta gida mai sanda ɗaya a ciki ba za ta yi ba. An yi ta ne don ta kwanta cikin bango, girgizar mota tana lanƙwasa ta har ta karye a cikin robarta inda ido ba ya gani. Nemi wayar mota mai zare da yawa, kauri milimita 1 ko 1.5 murabba'i. Ta fuskar wuta ko siririya ma za ta ɗauki wannan fitila, domin a waya 1.5 mai tsawon mita 12 zuwa da dawowa, amfiya 1 ba ya asarar fiye da kimanin volt 0.14. Ƙarfin jiki ne ke sa a zaɓi mai kauri, don ta jure ja da gogayya.

Araha ba ta ado. Kasuwa cike take da wayar alminiyum da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankare zare ɗaya da wuƙa a gaban mai shago: in cikinsa fari ne, ajiye masa abinsa. Tana karyewa da wuri, kuma inda aka haɗa ta yakan zama gari idan danshi ya shiga. Sayi ja don wuta da baƙa don mas, wato hanyar da wuta ke komawa batir, saboda mai gyaran da zai zo bayanka ya gane.

Ta ina wayar za ta bi daga batir zuwa akwati?

Nan ne aikin yake. Daga fiyus ta gangara ta bi jikin shasi, inda damin wayoyin kamfani ya bi zuwa fitilun baya. A zura ta tun daga farko har ƙarshe cikin tiyon roba mai gaɓa-gaɓa na wayarin mota, a ɗaure kowane santimita 30 zuwa 40. A nisanta ta da salansa, da sandar sitiyari, da furofela, da sifirin, da duk abin da ke juyawa ko zafi. Ba a ɗaure ta a jikin bututun birki ko na mai. A ɗora ta a saman shasi ko gefensa na ciki, domin abin da ke ƙasa kututture da duwatsun hanyar Mokolo ne ke gaisawa da shi.

Kan mota da bodi ba abu ɗaya ba ne, kowanne motsinsa daban idan shasi ya murɗe a rami. A bar wa wayar ɗan sassauci a tsakaninsu, in ba haka ba wata rana za ta tsinke. Kafin ka huda bodi, leƙa ƙarƙashi ka ga me ke wurin, domin tankin mai a nan yake. Sau da yawa akwai ramin kamfani da aka toshe da roba a kusurwar gaba, shi ya fi. Duk ramin da waya za ta ratsa, a goge kaifinsa, a shafa fenti, a sa masa zoben roba. A gefen akwati a huda, ba a gindinsa ba, kuma a bar wayar ta ɗan sauka ƙasa da ramin kafin ta hau ta shiga, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje.

Ba zan iya ɗaure mas a jikin akwatin kawai ba, tunda ƙarfe ne?

Mas ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma batir, kuma yawancin fitilun da ke ƙyaftawa daga nan ciwonsu yake. Akwati yakan zauna kan roba ko fenti, ƙugiyoyin da suka riƙe shi suna tsatsa, murfi kuma hinji ne kaɗai ya haɗa shi da jiki, ga giris da ƙura. Zai yi aiki a gaban mai wayarin, bayan damina ɗaya ya fara wasa.

Ja baƙar waya ta musamman ta fita tare da jar, ka ɗaure ta a wani noti na shasi. Kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, sa zobe a bakin wayar, matse, sannan ka rufe da giris. A sababbin motoci akwai na'urar auna wuta a kan − na batir, don haka a shasi ake ɗaure mas, ba a kan batirin ba.

Wane makunni ya fi: na hannu ko mai kamawa da kansa?

Na hannu ba ya lalacewa da wuri, matsalarsa mantuwa. An rufe murfi, babu mai ganin fitila a kunne. Duba lissafin da ke amsar kashe batir. Irin na ƙofar mota, mai ɗan tsinke da murfi ke dannawa, yana da sauƙin samu a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Yawancinsu mas suke yankewa ta jikinsu: jar waya ta tafi fitila kai tsaye, baƙar fitila ta je makunni, shi kuma ya haɗa ta da ƙarfen da aka ɗaure shi a kai. In shi ka zaɓa, sai an ja wa wannan ƙarfen wayar mas zuwa shasi. Ƙurar hunturu tana cushe shi, kuma idan murfi ya lotsa saboda buhunan albasa da aka ɗora a kai, ba ya danna shi sosai.

Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a haɗa biyu a jere: mai kamawa da kansa, da ƙaramin na hannu. Da rana a kasuwar Pitowa, murfi a buɗe awa uku, sai ka kashe da hannu.

Na ji ana maganar makunni mai maganaɗisu. Yaya yake?

Gida biyu ne. Mai waya yana zama a jikin akwati, maganaɗisun a murfi. Bakin da ke haɗa wutar a rufe yake cikin gilashi, ƙura da ruwa ba sa isa gare shi, shi ya sa ya dace da ƙasarmu. Sai a kula da abu uku. Yawancin na ƙararrawar ƙofar gida suna haɗa wuta ne idan maganaɗisu ya matso, kai kuwa akasin haka kake so. Nemi mai baki uku, ka gwada da mita ka ga waɗanne biyu ne ke haɗuwa idan an janye maganaɗisun. Na biyu, a akwatin baƙin ƙarfe ƙarfinsa yana raguwa, sai a sa masa ɗan katako ko roba a ƙarƙashi. Na uku, ba ya ɗaukar nauyi, da yawansu kusan rabin amfiya ne iyakarsu.

Idan fitilarka ta wuce haka, ko kana son ƙara wata a bodi, sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya saki babba. Makunnin ya kunna ƙafa 85 da 86 na rilen, wutar da ta fito daga fiyus ta shiga 30, fitila ta karɓa daga 87.

A ina zan kafa fitilar cikin akwatin?

Ƙarƙashin leɓen gaba, tana kallon ƙasa da ciki, don kada ta kashe maka ido kuma jak ko guduma ba za su same ta ba. A murfi tana haska wuri mai faɗi, amma dole waya ta tsallaka hinji. In haka ne, a bar mata lanƙwasa mai faɗi, a ɗaure ta gefe da gefe, a buɗe a rufe a hankali ana kallo don a tabbatar ba ta matsewa. Idan akwatin mai murfi biyu ne, kowane gefe da fitilarsa da makunninsa.

Murɗa waya a naɗe da salatif bai isa ba?

A zafin nan salatif yana warwarewa, ya bar danƙo da tsirarar waya. A yi amfani da bakin waya da ake matsewa da filayarsa, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, musamman mai gam a ciki. Liƙin dalma ma yana yi, amma wayar takan sandare a gefen liƙin, don haka a ɗaure ta kada ta riƙa motsi a nan. Ja kowane haɗi da hannu, in ya zare a sake. Mafi kyau, jar wayar ta zama guda ɗaya daga fiyus har cikin akwati, babu haɗi a ƙarƙashin mota. Masu sauke akwati lokacin jigilar auduga ko dabbobi su sa fulogi mai hana ruwa a bayansa, kuma macen fulogin ta kasance a ɓangaren batir don kada a bar tsinke mai wuta a fili.

Za ta iya kashe min batir?

Idan tana mutuwa da rufe murfi, ba ta shan komai. Idan ta zauna a kunne, fitilar amfiya 0.4 tana cin kusan amfiya-awa 10 a kwana ɗaya. Ka ajiye mota ranar Juma'a ka dawo Litinin, kusan 30 sun tafi daga batir mai 70, kuma tsohon batir ba zai tayar da injin dizal a haka ba. Tsohon kwan fitila mai wat 21 kuwa a dare ɗaya na awa 12 yake cin 21.

Don ka tabbatar tana mutuwa, kunna ɗaukar bidiyo a salula, ajiye ta ciki, rufe murfin ka girgiza shi, sannan ka kalli abin da ta ɗauka. Motar da za ta yi makonni a ajiye, a zare mata fiyus ɗin.

Ina ajiye galan ɗin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, a cikin akwatin. Akwai matsala?

Akwai, babba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a gindin akwatin da ke rufe, kuma zafin rana yana ƙara shi. Makunnin hannu da irin na ƙofa suna fitar da ɗan tartsatsi duk lokacin da suka haɗa ko suka raba wuta, daidai lokacin da fuskarka ke saman akwatin. Mai maganaɗisu ya fi su aminci, amma bai hana waya gogewa ko sifana ta bugi ƙarfe ba. Ɗan'uwa, fetur ya zauna a waje cikin jarka mai kyakkyawan murfi, a ɗaure inda iska ke ratsawa. Dizal ba ya tururi kamar fetur, duk da haka yana cin robar waya in ya zube a kanta.

Fitila mai caji ko mai ƙananan batura fa, ba ta fi sauƙi ba?

Ga motar ma'aikata ko ta haya da ba a yarda ka huda ba, ita ce mafita. Amma batirin litiyam ba ya son zafi: yawancin masu ƙera shi suna iyakance caji a digiri 45, aiki kuma a 60. Barinsa cikin akwatin ƙarfe a rana yana kumbura shi. Ƙananan batura kuma sukan zubar da ruwa su cinye mazauninsu. Ajiye irin wannan fitila a cikin mota, wurin zaman direba, ka ɗauko ta in buƙata ta taso.

Me ake fara yi, me ake ƙarewa da shi?

Fara cire kan − na batir, ka kawar da shi gefe, ka cire zobe da agogon ƙarfe. Kafa fitila da makunni, ja wayoyi, ɗaure mas. Haɗa jar waya da kan + ba tare da fiyus a mazauninsa ba, mayar da kan −, sannan a ƙarshe ka soka fiyus. Idan ya ƙone nan take, kada ka sa wani, koma amsa ta gaba.

Na gama amma ba ta kama ba, ko tana ƙyaftawa. Daga ina zan fara?

In ba ta kama ko kaɗan ba, fara juya wayoyin fitilar, domin yawancin LED ba sa aiki idan an sauya + da −. Sannan ka bi wutar da mita ko fitilar gwaji: kan batir, bayan fiyus, bakin makunni, bakin fitila. Inda ta ɓace, nan ne. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan volt 12.6, in ka ga 12.2 ya kai rabi. Ƙyaftawa ko dushewa, koma amsar mas. Fiyus mai ƙonewa sai an hau gargada yana nuna waya ta goge a wani wuri, galibi tsakanin kan mota da bodi, a ramin akwati, ko a hinji. A bi ta da hannu taki-taki har a samo wurin, a yanke a sake, a gyara abin da ya goge ta.

Bayan an gama, akwai abin da zan riƙa dubawa?

Sau biyu a shekara ya isa: kafin damina ta kankama a watan Yuni, da bayan ta ɗauke a Oktoba. Buɗe mazaunin fiyus ka ga ko ya yi kore, sabunta giris a notin mas, taɓa ɗaurin roba domin rana tana busar da su su ɓalle. Masu tsallaka mayo, wato rafi, da ruwa su duba ko laka ta cika tiyon wayar. In kana ɗaukar gyaɗa ko dawa, share bodi da cikin akwati, domin ɓera yana bin hatsi ya ƙare da cin robar waya. A wurin wanki kuma ka gaya wa yaron kada ya saita bakin injin feshi a kan ramin da waya ta shiga.